Tambayoyinku na Kirsimeti: Baba Fasto ya amsa

Salama gare ku masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan Kirsimeti suke, to na tsinci guda shida, na rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri, fili ne ya yi kaɗan.

Tambaya: Baba Fasto barka da war haka. Ni 'yar kwaya ce a cocinmu, bana ma ni aka ba solo na daren Kirsimeti. Matsalata ita ce in na gama waƙa mutane suka zo suna cewa kai muryarki ta sa mu hawaye, gaskiya daɗi nake ji sosai, har in na koma gida sai in yi ta maimaita bidiyon a waya. Daga baya kuma zuciyata ta dame ni, wai Allah nake yabo ko kaina? Har na fara tunanin in ce su ba wata. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: 'Yata, riƙe solonki tukuna, kar ki yi gaggawa. Jin daɗi in an yaba miki ba zunubi ba ne, mutum ce ke. Kuma wanda girman kai ya riga ya cinye ba ya rubuto irin wannan wasiƙar, shi ai gani yake yabon da ake masa ma bai kai ba.

Je ki buɗe Luka 1 daga aya 46 zuwa 55, waƙar Maryamu. 'Yar'uwarta Alisabatu ta gama yabonta kenan da babbar murya, ta ce mata mai albarka ce ke a cikin mata, har ta kira ta uwar Ubangijina. To ki duba fa, Maryamu ba ta sunkuyar da kai ta ce a'a ni ba komai ba ce ki daina ba, irin tawali'un nan na fatar baki da muke yi alhali muna so a ƙara. Karɓa ta yi. Da bakinta ma ta ce daga yanzu dukan zamanai za su kira ni mai albarka. Sai dai nan take ta faɗi dalili, wato Mai Iko ne ya yi mata manyan abubuwa, shi ya dubi ƙasƙancin baiwarsa. Daga aya 50 kuma ba ta ƙara zancen kanta ba, sai zancen masu mulki da aka sauke daga gadon sarauta, da ƙasƙantattu da aka ɗaukaka, da mayunwata da aka ƙosar, da mawadata da aka sallama hannu wofi. Ayoyi huɗu a kanta, ayoyi shida a kan abin da Allah yake yi wa wasu. In kin haɗa da addu'ar Hannatu a 1 Sama'ila 2 za ki ga yarinyar nan ta sha Nassi ta ƙoshi, kalmomin da ta taso tana ji su ne suka fito mata.

Abin da mutane ke tsallakewa kuma shi ne inda ta rera waƙar. Ba a Haikali ba ne, ba a gaban taro ba. A gidan Alisabatu ne, tsohuwa mai cikin wata shida, wadda mijinta Zakariya ya zama bebe, ko aika ba zai iya yi da baki ba. Daga Nazarat zuwa ƙasar tuddan Yahudiya tafiya ce ta fiye da kilomita 100, Luka ya ce da hanzari ta tafi, ta kuma zauna wajen wata uku. Ni dai a ganina ba waƙa ta yi ta rera wa Alisabatu wata uku ba, tsohuwa mai ciki hannu take bukata.

Saboda haka in kina son ki auna zuciyarki, ba a daren solo ake aunawa ba. Ranar da aka ba wata, ke kuma aka ce ki tsaya a layin baya, yaya za ki ji? Za ki zo rihasal da wuri kamar da? In ƙaramar yarinya tana fama da muryarta za ki zauna ki koya mata, ko kina tsoron ta wuce ki? Ibraniyawa 13:15 ya ce mu riƙa miƙa wa Allah hadayar yabo, aya 16 kuma ba tare da ko numfashi ba ta ce kar mu manta da yin alheri da taimakon juna, don irin wannan hadayar ce take faranta masa rai. A jere suke. Ki yi waƙarki da dukan muryarki, wanda ya yaba ki ce na gode, mun gode Allah, shikenan. Bidiyon kam ki kalla sau ɗaya ki ga inda kika yi kuskure, sauran kallon ke ma kin san ba na gyara ba ne.

Tambaya: Baba, matata ta rasu a wannan shekarar, ta bar ni da yara. Ko'ina na juya Immanuwel ake cewa, Allah yana tare da mu, ni kuwa gaskiya ban taɓa jin Allah ya yi mini nisa kamar yanzu ba. In na yi addu'a kamar da bango nake magana. Ba na son zuwa coci ranar Kirsimeti don kowa zai zo da iyalinsa suna murna. Na yi zunubi ne? Bangaskiyata ce ta mutu?

Amsa: Ɗan'uwana, sannu. Allah ya ba ka haƙuri, ya raya yaran. Ba ka yi zunubi ba, kuma ba zan ce maka na san yadda kake ji ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in fara da inda sunan nan ya fito, don yadda muke rera shi da kiɗa ya sa mun manta. A Ishaya 7 ne. Sarki Ahaz na Yahuza yana cikin tsaka mai wuya, Rezin sarkin Suriya da Feka sarkin Isra'ila sun haɗa kai sun taso wa Urushalima, sama da shekara 700 kafin haihuwar Yesu. Nassi ya ce zuciyar sarki da ta jama'arsa ta kaɗa kamar yadda iska take kaɗa itatuwan jeji. Mutanen da aka fara gaya wa Immanuwel kenan, masu rawar jiki don tsoro. Ba a wurin biki aka fara faɗa ba.

Sai Matiyu ya ɗauko shi a 1:23. Ka ci gaba da karatu kar ka tsaya inda ake tsayawa a wasan yara na coci. Sura ta 2 ba ta ƙare ba sai da Hirudus ya sa aka kashe 'yan yara maza na Baitalami daga mai shekara 2 zuwa ƙasa, Yusufu ya ɗauki jariri da uwarsa cikin dare suka yi gudun hijira zuwa Masar, Matiyu kuma ya kawo maganar Irmiya ta Rahila tana kuka don 'ya'yanta, ta ƙi a ta'azantar da ita. Ka ji, ta ƙi. Kuma Matiyu bai tsawata mata ba, bai ce ta share hawaye ai Almasihu ya zo ba. Kukanta yana cikin labarin Kirsimeti tun asali, mu ne muka yanke shi don ba ya shiga kati. Ita kanta Maryamu, jaririn yana da kwana 40 a duniya Saminu ya gaya mata a Haikali cewa takobi zai soki zuciyarta. A wurin kuma akwai wata Hannatu, tsohuwar da aurenta shekara 7 kacal mijin ya rasu, Luka ya ambaci shekara 84 a kanta. Gwauruwa ce Allah ya sa a cikin na farko-farkon da suka gane yaron.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kusancin Allah ba da jin jikinka ake gwada shi ba. Baƙin ciki yana toshe ji, har abinci ma ba ka jin ɗanɗanonsa, ballantana addu'a. Zabura 34:18 ta ce Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya, ba ta ce za su ji hakan a lokacin ba. Ishaya 57:15 ya ce Allah yana zaune a wuri mai tsayi mai tsarki, yana kuma zaune tare da mai ƙasƙantaccen ruhu. Zabura 88 kuwa tun daga farko har ƙarshe kuka ne, ta ƙare a cikin duhu ba ko kalmar murna ɗaya, amma ga ta a cikin Littafi Mai Tsarki ba wanda ya cire ta. Mutumin da yake ce wa Allah ina kake, ai da Allah yake magana. In kalmominka sun ƙare karanta ita da ƙarfi, ta isa addu'a. Wanda aka haifa a komin dabbobin nan shi ne ya tsaya a kabarin Li'azaru ya yi hawaye, alhali ya san zai tashe shi.

Zancen coci kuma, shawarata ka je, ko don yaran, su ma sun rasa uwa kuma fuskarka suke kallo. Ka zauna a baya in ka so, ba dole ka yi rawa ba, ba dole ka tsaya gaisuwa ba, in kuka ya zo ka bar shi ya zo. In ka ga ba za ka iya ba, ka nemi wani ya tafi da su, ba laifi. Amma ka kira mutum ɗaya, ɗaya tak, ka gaya masa abin da ka gaya mini. In kuma barci ya ƙaurace maka, ko ka fara jin rayuwar ma ta ishe ka, ka ga likita, wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Ku kuma 'yan ikkilisiya da kuke karanta wannan, kun san irinsa a cikinku. Kar ku tura masa hoton Barka da Kirsimeti a WhatsApp ku ce kun yi zumunci. Ku je da ƙafarku, ku kira sunan matar, ku ba da labarin alherinta a gaban yaran. Sau da yawa ta hannun mutane Allah yake matsowa, ya riga ya nuna haka ranar da Kalman, wato Yesu, ya zama mutum ya zauna a cikinmu.

Tambaya: Baba Fasto ni ne shugaban matasa. Duk Disamba muna kai kaya gidan marayu da asibiti. Bana rigima ta tashi a kwamiti, wasu sun ce dole a ɗauki bidiyo a yi fostin a Facebook don wasu su gani su yi koyi, kuma masu ba mu gudummawa suna son ganin inda kuɗinsu ya tafi. Wasu sun ce Yesu ya hana, hannun hagu kar ya san abin da na dama yake yi. Kowa da ayarsa, har an fara gaba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗana, dukansu daga wa'azi ɗaya suka ɗebo ayoyin, abin dariyar kenan. Matiyu 5:16 ya ce haskenku ya haskaka a gaban mutane su ga kyawawan ayyukanku, Matiyu 6:1 zuwa 4 kuma ya ce kar ku busa ƙaho in za ku ba da sadaka. Yesu bai manta abin da ya faɗa a sura ta 5 ba kafin ya kai ta 6. Ka duba ƙarshen kowacce: ta farko don a ɗaukaka Ubanku da yake Sama, ta biyu don mutane su yabe ku. Kai ka fi ni sanin wanne ne ke faruwa in an yi fostin, sunan wa ake kira a ƙasan hoton.

Amma ni akwai wanda na ga kwamitinku bai tambaya ba sam, shi ne wanda ake ɗauka. Mara lafiyar da yake kwance, ba shi da ƙarfin cewa a'a don ga leda a hannunku, ko marayan da hotonsa zai zauna a intanet har ya girma ya gan shi. Kun ba shi sabulu kun karɓe mutuncinsa, wa ya ci riba? Hukuncina a nan ba shi da kwana-kwana: fuskar yara da ta marasa lafiya kar ta fita. Masu gudummawa suna da haƙƙin sanin inda kuɗinsu ya shiga, wannan gaskiya ne, Bulus ma da yake tara taimako don matalautan Urushalima ya sa ikkilisiyoyi suka zaɓi waɗanda za su raka kuɗin don kar a sami abin zargi, ka duba 2 Korantiyawa 8. To ku ba su rasit da lissafi a rubuce, ku ɗauki hoton kayan kafin ku fita. Ya wadatar.

Wannan Santa ɗin da ake sa wa yara jar hularsa, asalinsa Nikolas ne, bishop na Mira a ƙarni na 4, a ƙasar da take Turkiyya a yau. Labarin da aka gada a kansa shi ne cikin dare ya riƙa jefa zinariya ta taga a gidan wani talaka mai 'ya'ya mata uku don su samu su yi aure, yana ɓoyewa kar a gan shi. Yau kuma da sunansa ake talla.

Wata tambayar da zan mayar maka, watan Maris ina kuke? Gidajen marayu a Disamba har sai an rasa wurin ajiye kaya, wata biyu bayan nan ko kare ba ya leƙowa. A Ayyukan Manzanni 6 da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci, rabon na kowace rana ne, aka zaɓi mutum 7 aka ɗora musu aikin, cikinsu har da Istifanas, wanda ikkilisiyoyi da dama suke tunawa da shi ran 26 ga Disamba, kashegarin Kirsimeti. Ku raba abin da kuka tara gida huɗu ku riƙa zuwa duk bayan wata uku, ku san sunan yaran. Za ka ga waɗanda suka zo don kyamara sun ragu da kansu, rigimar ma ta mutu.

Tambaya: Baba ni ba ni da aiki, ko na baiko da ƙyar nake samu. In ana wa'azin bayarwa a Kirsimeti kunya nake ji, kamar ni kaɗai ne ba ni da amfani.

Amsa: Ɗana, ɗago kanka. Luka 2:24 ya ce hadayar da Yusufu da Maryamu suka kai Haikali kurciya biyu ce ko 'yan tattabaru biyu. Je ka Littafin Firistoci 12:8 ka gani, wannan sassauci ne da Shari'a ta yi wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Gidan da Allah ya zaɓa wa Ɗansa kenan, gidan da ba a iya sayen rago. 2 Korantiyawa 8:12 kuma ya ce gwargwadon abin da mutum yake da shi ake karɓa, ba abin da ba shi da shi ba. Kai kana da abin da masu albashi ba su da shi, wato lokaci. Akwai tsoho kusa da kai da idonsa ya daina ganin rubutu, je ka karanta masa Luka 2. Akwai mai jinya da ta kwana uku ba ta runtsa ba, karɓe ta na yini ɗaya. Allah ya buɗa maka hanyar aiki.

Tambaya: Wani abokina ya ce ba inda aka rubuta 25 ga Disamba a Littafi Mai Tsarki, don haka duk bikin ƙirƙira ne. Haka ne Baba?

Amsa: Rabin maganarsa daidai ne, Matiyu da Luka ba su ba da rana ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bikin ran 25 ga Disamba daga Roma yake, na shekara ta 336. Har yau Kiristocin Kibɗawa na Masar da na Habasha ran 7 ga Janairu suke yi, Armeniyawa kuma ran 6. Ranar ikkilisiya ce ta zaɓa, haihuwar kuwa ba ita ta ƙirƙira ba. Romawa 14:5 da 6 ya riga ya raba wannan gardamar, mai kiyaye rana don Ubangiji yake kiyayewa. Kar ku ɓata abota a kan kalanda.

Tambaya: Baba Fasto ku yi mini adalci. Duk Kirsimeti ni ce a kicin tun asuba, baƙi na shiga na fita, maigida yana falo yana hira, yara suna kan waya. Sujadar ma rabinta nake samu ko in rasa gaba ɗaya. In na yi magana sai a ce ai hidima ce, lada kike samu. Ni dai haushi nake ji ba lada ba. Ko ni ce Marta?

Amsa: 'Yar'uwata, in ma ke ce Marta, Yahaya 11:5 ya ce Yesu yana ƙaunar Marta, sunanta ma aka fara kira. Kuma a Luka 10 bai ce aikinta banza ne ba, cewa ya yi tana damuwa da abubuwa da yawa, ya kuma ƙi yarda a tashi 'yar'uwarta Maryamu daga inda take zaune tana jin maganarsa. Wato mace tana da wurin zama a gaban Ubangiji, ba wanda ya isa ya hana ta. Ke ma kina da shi, kuma ranar Kirsimeti ba a cire ta ba.

Masu ce miki hidima ce kuwa, to me ya sa suke bar miki ladan ke kaɗai, su ba sa so ne? Maigida, in takardar nan ta iso hannunka, da kai nake. Wanda muke bikin haihuwarsa ya ce bai zo don a yi masa hidima ba, ya zo ne ya yi wa wasu, Markus 10:45, kuma a Yahaya 13 shi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, shi da yake shugaban teburin. Ba a yi wa'azin hidima daga kan kujera. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ke kuma kar ki jira sai ranar kina cikin zufa sannan ki fashe. Tun mako guda kafin nan ki tara su cikin sanyin murya, ki ce bana zan yi sujada daga farko har ƙarshe, ga aikin kowa: wane wanke-wanke, wance shara, Baba kai ne tarbar baƙi da kai musu ruwa. Ki rage yawan girkin, abin da za a iya yi tun jajibere a yi. In lokacin coci ya yi ki kashe wuta ki ɗauki Littafinki ki fita, baƙon da ya riga ku isowa ya jira ko ya bi ku.